Dutsen Washi Marar Suna: Yadda Za Ka Gane Abin Da Ke Hannunka

Dutsen washi yana cikin kayan aikin da suka fi masu su tsawon kwana. Wuƙa takan cinye, aska takan sirance har a jefar da ita, ƙotar gatari a yi ta sauyawa, amma mawashi yana nan. Shi ya sa ake yawan tsintarsa ba tare da tarihinsa ba: a ƙasan akwatin kafintan da ya rasu, a zabirar tsohon wanzami, ko cikin tarkacen kayan aiki na gwanjo da ake shigowa da su daga Turai. Ga shi baƙi ƙirin, ya sha mai ya ƙoshi, tsakiyarsa ta lotsa, ba takarda ba hatimi. Wanda ya same shi yakan yi tambaya uku: wane irin dutse ne, me ya dace a wasa da shi, kuma daga ina ya fito?

Tambayoyin nan uku wahalarsu ba ɗaya ba ce. Ta farko da ta biyu mutum zai iya amsa su a tsakar gidansa da ƙusa, sikeli, ruwa da tsohuwar wuƙa. Ta uku ce mai gardama. Ko waɗanda suka yi shekaru suna tara irin waɗannan duwatsu sukan yi ta musu a kan dutse ɗaya, wannan ya ce na Ingila ne, wancan ya rantse na Jamus ne. A ganina, wanda ya fara da neman suna ya fara ta bayan gida. A bi abin daki-daki, in sunan zai fito, zai fito da kansa.

Kafin ka taɓa shi da ruwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne garajen wanke dutse da goge shi. Sau da yawa shaidar da ta fi kowace ƙarfi ba a jikin dutsen take ba, tana jikin abin da ya zo da shi. Duba akwatin katakon da yake ciki, musamman cikin murfin. Duba gefe da bayan dutsen, ko akwai ragowar takarda da aka manna, ko da rabin harafi ne ya rage. Kamfanin Escher na Jamus da kamfanin Pike na Amurka, wanda kamfanin Norton ya saye a 1932, dukansu da takarda suka riƙa sa wa duwatsunsu shaida, kuma takardar ita ce ke ninka farashin dutsen a wajen masu saye. Duwatsun Japan kuwa hatimin tawada ake buga musu a fuska, gugar farko ta tafi da shi. Saboda haka ka ɗauki hoton kowane ɓangare da waya tukuna, a hasken rana, sannan ka auna tsawo da faɗi da kauri ka rubuta.

Sai wanki. Duk tukunyar da ta daɗe a murhu baƙa ce, ko ta ƙasa ko ta ƙarfe. Haka dutsen da ya shekara talatin yana shan mai da garin ƙarfe. Ba abin da launinsa zai gaya maka sai an fitar da wannan dauɗa. Ruwan ɗumi da garin sabulu da buroshi sukan isa idan man bai shiga ciki sosai ba. Idan ya shiga, a jiƙa dutsen cikin kananzir na 'yan kwanaki, nesa da wuta, a fito da shi a sake wankewa da sabulu. Kada a dafa shi, kada a gasa. Na halitta yana da jijiyoyi da tsagu da ido ba ya gani, zafi yakan buɗe su, kuma wanda aka haɗa da gam zai rabu biyu.

Daga nan a daidaita fuska ɗaya. A shimfiɗa sanfefa mai jure ruwa a kan gilashi mai kauri ko tayil, a zana layuka da fensir a fuskar dutsen, a zuba ruwa a yi ta gogawa har layukan su ɓace duka. Da ruwa fa, ba a bushe ba, domin ƙurar waɗannan duwatsu silika ce, tana cutar da huhu. Wannan gugar ma gwaji ce. Akwai dutsen da zai miƙe cikin 'yan mintuna, akwai wanda zai cinye sanfefa bayan sanfefa kafaɗarka ta gaji bai ko motsa ba. Riƙe wannan a ranka, zai yi amfani nan gaba.

Na Allah ne ko na kamfani?

Dole a fara kawar da wannan, domin mafi yawan duwatsun washi da ke yawo a kasuwanninmu ba a dutse aka fasa su ba, a masana'anta aka gasa su. Tun 1891, lokacin da Ba'amurke Edward Acheson ya haɗa sinadarin da ake kira kaborandum, dutsen kamfani ya fara korar na halitta daga kasuwa, saboda ya fi ci, ya fi arha, kuma kowane ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa.

Alamarsa ta farko ita ce wannan daidaito. Ko'ina ka duba iri ɗaya ne, ba jijiya, ba ɗigo, ba shimfiɗa. Yawanci fuska biyu gare shi, mai kaushi da mai ɗan laushi, da layi miƙaƙƙe sambal a tsakaninsu. Na kaborandum ruwan toka ne mai duhu, yana ƙyalƙyali idan ka juya shi a rana, yana shan ruwa nan take, kuma idan ka goga shi da ƙarfe za ka ji tsakuwarsa tana zuba. Wanda ake kira Indiya, mai fuskar ruwan goro, shi ma na kamfani ne, Norton ke yin sa, bai da wata alaƙa da duwatsun ƙasar Indiya.

Na halitta kuwa da wuya ya rasa tabo. Duba gefensa, za ka iya ganin sawun zarto ko saran ƙarfe. Bayansa yana iya zama da tudu da kwari. Launin yakan sauya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Abu ɗaya da zai iya ruɗar ka shi ne dutsen Beljiyam, wanda shi ma hawa biyu ne, za mu zo kansa.

Ƙusa, tocila da sikeli

Dutse yana wasa ƙarfe ne saboda akwai ƙwayoyi a jikinsa da suka fi ƙarfe tauri. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi 5.5, ƙarfen wuƙa tsakanin 5.5 da 6.5, ƙanƙarar dutse wadda masana ke kira kwaz tana 7, lu'ulu'u yana 10. Kusan duk wani mawashi na halitta da wannan kwaz yake aiki. Bambancin yana wajen girman ƙwayoyin da kuma abin da ya riƙe su. A wani dutsen ƙwayoyin sun manne da juna kam, a wani kuwa suna zaune ne cikin laka da ta daskare, suna saki da kaɗan-kaɗan.

Ƙusa za ta raba maka waɗannan biyun. Karci gefen dutsen da ita, ba fuskar ba. Idan ta yi rami ta fitar da farin gari, dutsen daga dangin dutsen allo ne ko daskararriyar laka. Idan kuwa ta zame ta bar layi mai sheƙi kamar na fensir, to ƙusar ce ta goge, dutsen ya fi ta, kana hannun dangin ƙanƙara. Ƙwanƙwasa shi da bayan cokali: mai tauri yana amo siriri, mai taushi yana amsawa a dakushe, haka ma wanda ya tsage a ciki. Ɗiga masa ruwa ka zuba ido. Ɗigon da ya nutse nan da nan yana nuna dutse mai ƙofofi, galibi mai kaushi; wanda ya zauna ya daɗe yana nuna mai matsattsen jiki. Sannan ka shiga ɗaki mai duhu ka manna tocilar waya a gefensa. Idan haske ya ratsa ya yi ja-ja ko fari-fari a cikin dutsen, ka kusa gama bincike, domin duwatsun washi da haske ke ratsawa ba su da yawa, mafi shahara a cikinsu shi ne mai taurin nan na Arkansas.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na nauyi, don shi lamba yake bayarwa, ba ra'ayi ba. Abin da ake nema shi ne sau nawa dutsen ya fi ruwa mai girmansa nauyi. Idan dutsen mai kusurwa huɗu ne sosai, rula ta isa. A ce tsawonsa santimita 20, faɗi 5, kauri 2.5. Ka ninka su, ka sami 250. Ka ɗora shi a sikelin giram, irin na masu yin kek. Idan ya ba da giram 650, ka raba da 250, ka sami 2.6. Idan 540 ya bayar, ka sami 2.16. Duwatsu biyu ke nan masu girma ɗaya, wataƙila ma launi ɗaya, amma na farko na gyaran bakin aska ne, na biyu na tayar da bakin cizal da ya dakushe.

Idan dutsen ba shi da siffa, sai a koma dabarar da ake danganta wa Arkimidis. Ɗora roba da ruwa a kan sikeli, ka mayar da shi sifili. Ɗaure dutsen da zare, ka saukar da shi har ruwa ya rufe shi, amma kada ya taɓa gindin robar ko gefenta. Lambar da sikelin ya nuna ita ce girman dutsen. Raba nauyinsa na bushe da wannan lamba. A yi da hanzari idan dutsen mai shan ruwa ne, kuma a tuna cewa man da ya rage a cikinsa yana ƙara masa nauyi kaɗan. Zallar kwaz tana ba da 2.65. Dutsen allo yakan haura 2.7. Dutsen yashi yakan sauko ƙasa da 2.5, wani ma kusa da 2.

Akwai ƙaramin gwaji na tsami. Kankare ɗan gari daga gefe, ka matsa masa lemun tsami, ka kai kunne. Idan ya yi ƙananan kumfa yana tsuwa, akwai sinadarin farar ƙasa a ciki. Wanda ya tafasa sosai dutsen siminti ne, irin na Kalambaina ko Ashaka ko Malbaza, taurinsa 3 ne kacal, ba zai ci ƙarfe ba komai santsinsa. Ba sai an ɗauko ruwan batir ba.

Manyan gidajen da dutsen zai iya fitowa

Na Arkansas sun fito ne daga tsaunukan Ouachita a Amurka, musamman kewayen garin Hot Springs. Kusan zallar silika ne, ƙwayoyinsa ƙanana ƙwarai. Su ne ƙusa ba ta karta, su ne ke cinye sanfefa. Abin da ya kamata a sani game da su shi ne, da nauyi ake raba su daraja-daraja, ba da launi ba. Wanda ake kira Washita yana wajen 2.25 ko ƙasa da haka, yana da ƙofofi, yana ci da sauri, tsofaffin kafintocin Amurka da Ingila da shi suka fi aiki. Idan an wanke shi yakan fito fari ko ruwan madara da ɗige-ɗige. Mai taushi yana bin sa, sannan mai tauri daga 2.3 zuwa wajen 2.45. Daga 2.5 zuwa sama sai baƙin nan mai santsi da wanda haske ke ratsawa. Fari na iya zama kowane daga cikinsu, don haka wanda ya ce maka farin ya fi kaushi ko baƙin ya fi laushi bai gama magana ba sai ya faɗi nauyi.

Dutsen Beljiyam, wanda ake kira kotikul, shi ne mafi sauƙin ganewa. Daga yankin Ardennes yake fitowa, wajen Vielsalm da Lierneux. Fuskarsa rawaya ce mai haske ko ruwan madara, wani lokaci da baƙaƙen ɗigo ko siraran layuka kamar reshen itace. A cikin ƙasa rawayar siririya ce, an matse ta tsakanin shuɗin dutse, saboda haka ko dai a yanko ta tare da shuɗin, ko a manna ta da gam a kan baƙin dutsen allo. Duba layin da ya raba su. Idan yana karkacewa, launukan suna shiga juna, haka aka haƙo shi. Idan miƙaƙƙe ne, mannawa aka yi, kuma wannan ba aibi ba ne. Shi ba da kwaz yake ci ba, da ƙananan ƙwayoyin ganet ne, waɗanda suka kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na rawayar. Idan ka goga masa ƙaramin dutse da ruwa, zai fitar da ƙullu fari-fari, shuɗin gefen kuma ya fitar da shunayya. Da ƙullu mai kauri yana ci da sauri, da ruwa zalla yana gyara baki. Dutse ɗaya, aiki biyu. Shi ya sa masu aski na Turai suka riƙe shi ɗaruruwan shekaru.

Ƙullun nan, wato abin da dutse ke saki idan an goge shi da ruwa, ya fi fuskar dutsen faɗin gaskiya. Na Arkansas kusan ba ya sakin komai. Dutsen allo yana saki da sauƙi, kuma idan ka sansana za ka ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

A dangin dutsen allo ne gizo ke saƙa. Na Thuringia a Jamus, wanda Escher ya yi suna da shi, launinsa daga shuɗi mai duhu zuwa kore mai ratsin rawaya, yana da taushi a hannu kamar an shafa masa sabulu, yakan zo ɗan siriri a cikin akwatin katako tare da ƙaramin dutsen gogawa, kuma da ruwa kawai ake aiki da shi. To amma Wales ma tana da dutsen allo na washi, ruwan toka da shunayya. Lardin Guangxi na ƙasar Sin ma yana fitar da wani ruwan toka mai tauri, mai arha, wanda 'yan kasuwa ke rubuta wa lambar laushi 12,000. Ka jera ukun nan a jiƙe, ba takarda, sai gwani na gaske zai raba su, shi ma wani lokaci da ƙyar. Kama da wane ba ta wane. Idan bincikenka ya tsaya a "dutsen allo mai laushi, na ruwa, na gama baki", ka sami amsa ta gaskiya, kada ka ƙara mata sunan da ba ka da shaidarsa.

Birtaniya tana da wasu da ke da alama a fuska. Charnley Forest, daga dajin Charnwood a Leicestershire, kore ne mai ruwan toka da jajayen jijiyoyi ko tabo, mai tauri, yawanci dogo siriri, bayansa ba a daidaita ba, an fafe katako an zaunar da shi. Tam o' Shanter, daga bakin kogin Ayr a Sukotland, jikinsa ɗige-ɗige ne kamar ƙwan zabo. Daga jihar Indiana ta Amurka akwai Hindostan, wanda shi ma bai da alaƙa da ƙasar Indiya. Idan ka duba gefensa za ka ga siraran shimfiɗu jere bisa jere, sawun hawa da saukar ruwan teku na zamanin da dutsen yake laka. Dutsen da Turawa suka daɗe suna kira na Turkiyya kuwa daga tsibirin Kirit na Girka ake haƙo shi, a da ta tashoshin Daular Usmaniyya ta Turkawa ne yake bi zuwa kasuwa. Yana da gautsi, jikinsa duk tsagu ne, kusurwoyinsa a ɓalle. Tsohon dutse ne a tarihi: marubucin Rumawa Pliny, wanda ya rasu a shekara ta 79 miladiyya, ya riga ya bambanta duwatsun washi na mai da na ruwa, ya kuma sa na Kirit a gaba cikin na mai.

Na Japan duniya ce mai zaman kanta. Mafi tsada sun fito daga tsaunukan arewa maso yammacin Kyoto, daga ramuka irin su Nakayama, Ohira da Shobudani, waɗanda yawancinsu an daina haƙa. Launinsu rawaya ne, ko kore-kore, ko ruwan toka, bayansu yakan zo da ɓawo mai ruwan ƙasa kamar tsatsa, gefensu wani lokaci an shafe shi da fenti don kada ruwa ya raba shimfiɗun. Tun da hatimi ne ke sa kuɗi, ana buga na jabu. Dutsen Japan da ya zo da sabon hatimi a kan tsohuwar fuska, abin a tsaya a yi tunani ne.

Idan na gida ne fa?

Ba kowane dutse marar suna ne ya tsallako teku ba. Manomi da mahauci da maƙeri sun daɗe suna wasa ƙarfe a kan abin da ƙasarsu ta ba su, kuma gwaje-gwajen nan duk suna aiki a kansa. Duwatsun da suka yi tsiri a ƙasar Kano, Zariya, Dutse da Bauchi galibi giranit ne. Ka duba da kyau, za ka ga ƙwayoyi manya masu launi daban-daban, fari da ja-ja da baƙi mai ƙyalli, kowace da nata taurin. Zai tayar da bakin fartanya ko adda, amma ba ya sakin sabbin ƙwayoyi, sai ya yi sulɓi ya daina ci, kuma ba ya ba da bakin aska.

Dutsen yashi ya fi shi dacewa da washi. Idan ka murza shi da yatsa za ka ji yashi, yana shan ruwa, yana lotsawa da wuri, yana ci da sauri. Akwai shi da yawa a ƙasar Gombe da kwarin Gongola, har masana sun sa wa wani kaurin shimfiɗarsa sunan dutsen Bima, akwai shi kuma a ƙasar Sakkwato. Na uku shi ne dangin da ke ɓarewa falle-falle, mai sheƙi kamar siliki idan haske ya doke shi, wanda ake samu a yankunan Birnin Gwari, Maru da Anka. Kada a raina wannan dangi. Ƙauyen Eidsborg na ƙasar Nowe ya shafe sama da shekara 1,000 yana sayar wa arewacin Turai mawashi daga dutse mai ɓarewa haka, mai kwaz a ciki. Ba kowane falle ne zai yi ba, amma wanda ƙwayarsa ta yi laushi ta kuma daidaita ya cancanci a gwada shi da wuƙa.

Ƙarfe ne alƙali

Gwajin ƙarshe shi ne wanda ya fi shafar mai aiki. Nemo ƙarfe mai faɗin fuska, bayan cizal ko gefen tsohuwar wuƙar maƙera. Jiƙa dutsen, ka goga kamar sau ashirin ba tare da dannawa sosai ba. Kula da abu uku. Yaushe ruwan ya fara baƙi? Wannan shi ne saurin cinsa. Me kunnenka ya ji, ƙara mai kaushi ko shuu a hankali? Sannan share ƙarfen ka duba shi a rana. Idan kana ganin karce ɗaya-ɗaya da ido, dutsen na tayar da baki ne. Idan fuskar ta yi hazo-hazo ba ka rarrabe layukan, matsakaici ne, na wuƙar mahauci da ta kicin. Idan ta fara nuna maka fuskarka, na gama baki ne, na aska da kayan dukawa da na sassaƙa.

Don ka sami abin kwatance, goga wasu sassan ƙarfen a kan sanfefa mai lamba 400, 1,000 da 2,000, ka jera su kusa da sawun dutsen. Amma kada ka ɗauka ka gano wa dutsen lamba ke nan. Lambar nan ta abin da aka tankaɗe a masana'anta ce, inda ƙwayoyi suke girma ɗaya. Dutsen halitta ba wanda ya tankaɗe shi. Aikinsa yana sauyawa da yadda aka goge fuskarsa, da kaurin ƙullu, da nauyin hannu, da irin ƙarfen. Baƙin Arkansas da aka goge da sanfefa mai kaushi zai ci kamar matsakaici, bayan ya sha aiki ya koma mai laushi ƙwarai. Duk lambar da ka gani a jikin dutsen halitta, ƙiyasin mai sayarwa ce.

Yayin gogawa, saurara ko za ka ji ƙarfen ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya. Wata jijiya ko wani ɗigo yakan fi sauran jikin tauri, ya bar karce mai zurfi a kan fuskar da ta yi sheƙi. Ga adda wannan ba komai ba ne, ga aska kuwa ɓarna ce. Ana iya ƙwaƙule wurin da bakin ƙusa ya yi ƙasa da fuska, ko a riƙa kauce masa.

Wanda ya matsu sai ya san ainihin dutsen, ko don yana zaton mai tsada ne, ko don ya samo wani a ƙauyensu yana son ya san ko zai yi kasuwa, hanyarsa ita ce sashen ilimin duwatsu na jami'a, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko Jami'ar Jos. A can ana yanko ɗan guntu, a goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, haske ya ratsa shi, a duba a madubin ƙara girma. Wannan zai faɗi ma'adinan da ke ciki da girman ƙwayoyinsu ba tare da shakka ba. Ramin da aka haƙo shi kuwa, sai idan akwai wani dutse sananne da za a kwatanta da shi.

Saura batun mai ko ruwa. Dutsen da ba ka tabbatar da shi ba, fara masa da ruwa, domin daga ruwa ana iya komawa mai, amma dutsen Japan ko na Thuringia da ya sha mai da wuya ya dawo daidai. Idan ruwa yana tsayawa a kansa ƙwallo-ƙwallo ko bayan wanki, ya riga ya zama na mai, a ci gaba da ba shi mai. Masu tauri na dangin ƙanƙara ma sun fi jin daɗin mai, ko ruwa da ɗan sabulu, don garin ƙarfe kada ya toshe musu fuska. Man keken ɗinki ya dace, ko a sirka shi da ɗan kananzir idan ya yi kauri. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo a cikin ƙofofin dutsen, baƙin mai na mota kuwa ya zo da nasa garin ƙarfen da dattin inji.